Sisin Kaka Moira

Tun da muka dawo bakina bai huta ba. Wadda ta shigo sannu da zuwa sai ta ce in ba ta labarin Ingila, wadda ba ta samu zuwa ba ta aiko da saƙon murya, har ƙawayena na Islamiyya sun ce idan ban rubuta ba to rowa ce. Ni kuwa karatuna a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya, don haka wadda ta ga kuskure ta gyara a ranta. Abu ɗaya nake roƙo, kada a tambaye ni dogayen gine-gine, don ban kalle su ba. Sati shida na yi a ƙasar, idona na kan hannun 'yata.

Waɗanda suka san gidanmu a Dambatta sun san zancen. Haihuwar Ummi ta zo da gardama, da ƙyar aka jawo ta, kuma tun ranar hannunta na dama bai motsa ba. Yana kwance a gefenta kamar aro aka ba ta, yatsun a sake. Ranar suna wata mata, ba zan faɗi sunanta ba don har gobe muna gaisawa, ta ɗaga hannun ta sake shi ya faɗi, ta ce, "Allah sarki, irin waɗannan ai ba sa rasa mai ba su sadaka." Ita a ganinta lallashina take yi. Daga ranar na samo safar jarirai na saka wa hannun, idan na goya ta kuma in tura shi can cikin zani. Wanka kaɗai ke sa a cire.

Baban Ummi yana karatu a Birmingham. Yayarsa, Yaya Hadiza, tana Manchester da mijinta likita, su suka nemo mana ganin wani likitan jijiya na yara, suka yi ta fama da takardu har biza ta fito. Ummi na da wata biyar muka kama hanya, daga ni sai ita.

Inna, mahaifiyata, ita ta haɗa min kaya, kamar wadda za ta ƙasar yunwa: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, kilishi, da dabino cikin wani ɗan gwangwani. Daga Kano jirgi ya ɗauke mu. Ban ci komai a ciki ba sai burodi, don abincin nasu a rufe yake kuma ban san wa zan tambaya ba. Na shiga banɗaki sau ɗaya, na danna abin ruwa ya yi wata irin ƙara, na ce shi kenan na fasa jirgin mutane. Da za mu sauka Ummi ta tsanyare da kuka, wata Bayarabiya da ke gefena ta nuna min da hannu in ba ta nono. Na ba ta, ta yi shiru. Ashe kunnenta ne ya toshe.

A ƙasar da muka canja jirgi aka fara taɓa min inda ke ciwo. Wajen bincike wata ma'aikaciya ta nuna safar hannun Ummi, ta ce a cire. Na juya wa mutanen layi baya, na cire. Matar ko kallon hannun ba ta yi ba, cikin safar ta leƙa, ta miƙo min. Amma ni sai da na shiga ɗayan jirgin zuciyata ta koma wurinta.

A Birmingham wani mutum cikin akwatin gilas ya karɓi fasfo. Baban Ummi ya sa na haddace amsa uku da Turanci, mutumin ya yi tambaya ta huɗu. Sai kawai na miƙa masa wasiƙar asibiti, ya karanta, ya dubi Ummi, ya buga hatimi. Gaba kaɗan wani kare ya zo ya zauna a gaban jakata kamar mai jiran rabo. Aka buɗe, aka ɗauke kilishin Inna gaba ɗaya, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Kuka kuwa mutumin ya yi ta juya ta, garin nan kore, yana kallona. Na yi masa kwatancen cin tuwo da hannu. Ya buɗe ƙullin daddawa, ya rufe da sauri, ya yi min alama in wuce.

Ɗakin Baban Ummi a wata unguwa yake da ake kira Selly Oak, gida ɗaya shi da ɗalibai biyar, kicin ɗaya, kowa ya rubuta sunansa a jikin madararsa cikin firij. Ban taɓa ganin inda ake rubuta suna a abinci ba. Kwana biyu da zuwana na ce bari in kori warin takalman maza, na kunna turaren wuta. Wani abu a rufin ɗaki ya kama ihu, gidan duk ya fito titi, har da wani ɗan Sin da kumfar sabulu a kansa. Babu wanda ya yi min faɗa, kowa sai haƙuri yake ba ni, abin da ya fi faɗan ciwo. Washegari aka mai da mu unguwar Handsworth, gidan wata mata 'yar Gana, Mma Azumi, mai aikin kula da tsofaffi.

Mma Azumi Hausa take yi ras, sai dai irin tasu, ni da Baban Ummi duk "kai" take ce mana. Ta dafa mana shinkafa da wake da karan dafi har suka yi ja, da wani baƙin yaji mai kifi da na ci ina hawaye ina ƙarawa. Ita ta koya min shiga bas, da cewa a nan ba a faɗa wa mutum gida sai an buga waya, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Ta tambaye ni safar hannun Ummi, na ce sanyi. Ta dube ni, ta dubi ɗaya hannun da ba safa. Gaskiya abin da ya fara burge ni da ƙasar ke nan: sanyi ya zama min mafaka, kowane jariri a rufe yake, ba mai tambaya.

Bayan sati ɗaya muka hau doguwar bas zuwa Manchester. Hanya sumul, ba rami, ba shinge, kuma ba mai talla. Ni ina ta jiran inda za a tsaya a miƙo ayaba ko dafaffen ƙwai ta taga, har muka isa ko ruwa ba a miƙo ba. Tumaki dai na gani a fili, masu ƙiba, ba makiyayi.

Yaya Hadiza tana unguwar Cheetham Hill, gidaje a jere manne da juna kamar haƙora. Aikin akanta take yi, Hausarta rabi Turanci. Tana rungume ni ta ce, "Rakiya, appointment ɗin likita jibi ne, ki huta, kada ki sa damuwa." 'Ya'yanta biyu sun gaishe ni da Hausa, daga nan suka koma wani Turanci ta hanci da ko Baban Ummi sai ya ce su maimaita.

Washegari da hantsi, kowa ya fita, rana ta ɗan leƙo. Na saka Ummi a keken jarirai da Yaya ta ajiye mana, na tsaya a ƙofar gida. Sai ga wata tsohuwar Baturiya daga gidan da ke manne da namu, gajera, gashinta fari fat, da sanda. Ta yi min murmushi, ta leƙa keken, ta yi ta magana da Ummi da wani irin Turanci da ban kama ko kalma ɗaya ba. Ta koma gida, na ce an rabu. Sai ga ta ta dawo da abu a dunƙule. Kafin in ankara ta sunkuya ta zare safar, wadda dama ta ɗan zame, ta buɗe tafin hannun nan, ta ɗora wani ɗan farin kuɗi na ƙarfe a kai. Ta faɗi wata kalma sau biyu, ita kaɗai na riƙe: hansel. Kuɗin ya zame daga yatsun ya faɗa cikin bargo. Tsohuwar ta yi dariya har da tafi, ta tura shi ƙarƙashin filo, ta shafa kan Ummi ta tafi.

Tunani biyu suka taso min. Na farko irin wanda kowace uwa a garinmu za ta yi: baƙuwar tsohuwa, ta zaɓi hannun da ke ciwo, ta saka abu, ta yi magana a kai, ana gobe ganin likita. Na biyun shi ya fi ƙona ni. Na ce ashe maganar matar nan ta ranar suna ta biyo mu har Ingila. Ga sadakar farko an ba 'yata, har ana dariya don ta kasa riƙewa.

Na sa leda na ɗauki kuɗin, ban yarda ya taɓa fatata ba. A ƙofar kowane gida akwai manyan bokitan shara kala-kala na hukuma, na buɗe wanda ya fi kusa na jefa. Na wanke hannun Ummi sau uku, na tofa mata Falaƙi da Nasi, na mai da safa. Ban faɗa wa kowa ba. Da safe motar shara ta zo ta kwashe, na ji sanyi a raina.

Likitan mutum ne mai sanyin magana. Ya daɗe yana juya hannun, yana sosa tafin, yana ɗaga kafaɗa. Baban Ummi shi yake fassara min. Wai jijiyoyin da ke saukowa daga wuya ne suka jawu wajen haihuwa, kafaɗar ta fara nuna alamar farfaɗowa, yatsun dai tukuna. A yi ta motsa mata shi kullum, a riƙa aiko masa da bidiyo, nan da wasu watanni zai faɗi ko sai an yi aiki. Bai ce za ta warke ba, bai ce ba za ta warke ba. Daga nan aka tura mu wajen wata mata mai aikin gashin ƙashi, ta koya min motsin, ta ɗaga safar da yatsu biyu ta ce wannan a jefar. Wai dole yarinya ta riƙa ganin hannunta, yana taɓa abubuwa, in ba haka ba za ta manta tana da shi. Na ce to. Muna fita ƙofar asibiti na mai da safata.

Kwana huɗu bayan haka ina wanke kwanuka Yaya Hadiza ta shigo da jakar aiki a kafaɗa, ba ta ko zauna ba.

"Rakiya, me Moira ta ba Ummi?"

Na ce wace ce Moira.

"Maƙwabciyata. Ta tare ni a ƙofa yanzu, wai in ba ki haƙuri. Ta gan ki ta taga kina jefawa a shara. Kwana biyar tana tunanin ko a addininmu haramun ne a ba jariri azurfa, tana jin kunyar tambaya."

Na faɗa mata duk abin da na zata, har da maganar ranar suna, wadda ko Baban Ummi ban taɓa faɗa wa ba. Yaya ta ajiye jaka ta zauna. Ta ce laifinta ne da ba ta gargaɗe ni ba, don duk jaririn da aka haifa a layin nan, na 'yan Pakistan, na 'yan Somaliya, har nata biyun, sai da tsohuwar nan ta yi musu haka. Ta ce ranar Lahadi za mu soya masa mu kai mata, in ji daga bakinta.

Gidan Kaka Moira, don haka na koma kiranta, littattafai ne har kan matakala, da wata kyanwa mai ƙiba da ta ƙi tashi daga kujera. Ta haura tamanin. Ba 'yar Ingila ba ce, daga Scotland take, can arewa, wani ƙauyen masunta. Aure ya kawo ta Manchester, ta koyar a firamare har ta yi ritaya. Mijin ya rasu, ɗanta ɗaya yana wata ƙasa mai nisa. Ta ci masa biyu da zuma tana lumshe ido, ta ba mu shayi da wani biskit mai man shanu. Sannan ta ɗauko wani tsohon gwangwani ta buɗe. Ƙananan kuɗin azurfa ne a ciki, saura kaɗan, na mahaifiyarta, an daina kashe su tun da daɗewa. Yaya ta ce min wannan fa shi ne sisi, wanda kakanninmu ke cewa ba su da ko shi. Ni da nake jin sisi a baki tun ina yarinya, ashe na riƙe shi da leda na jefa a shara.

Kaka Moira ta yi bayani, Yaya na juya min. Hansel kalmar garinsu ce, tsohuwa, asalinta abin da aka saka wa mutum a hannu. Kyautar farko ce da ake yi wa duk abin da yake sabo, don ya fara da alheri. In ka ba mutum sabuwar jakar kuɗi ba ka ba shi ita wayam. Sabon jirgin kamun kifi, sabon gida, sabuwar shekara, har Litinin ta farko a shekara sukan ba yara da ma'aikata ɗan abu. Kuma ranar da ka fara saka sabuwar riga, ka yi mata hansel ke nan. Ta ce a Manchester ba mai faɗin kalmar, a garinsu ma yara sun sake ta, yanzu a waƙoƙi ta fi zama.

Ta sa Yaya ta sauko mata da wani littafi da bayansa ya tsage, ta karanta mana kaɗan. Ban ji ma'ana ba, amma muryarta ta canja, ta yi kauri, kamar yadda Inna ke yi idan ta koma Hausar ƙauyensu. Ta ce marubutansu suna son kalmar don guda ɗaya ce amma tana ɗauke da farko da fata a tare. Mawaƙi zai ce kukan tsuntsun farko shi ne hansel ɗin safiya, ko ƙanƙarar farko ta yi wa dutse hansel. Idan kuma yana so ya sa ka kuka sai ya juya ta, ya ce wane shi ya yi wa sabuwar maƙabarta hansel, wato shi aka fara binnewa. Na tuna Inna ba ta taɓa yin miya a sabuwar tukunyar ƙasa sai ta fara tafasa ƙasari a ciki, kuma mai ƙosai a layinmu ba ta mai da cinikin farko na safe ko an taya da arha. Na ce wa Yaya ta faɗa mata mu ma muna da abin, sunan ne ba mu haɗa masa guda ɗaya ba. Ta ji daɗi sosai, har ta rubuta a gefen littafin da fensir.

Ni dai tambayata na nan. Na ce Yaya ta tambaye ta, tsakaninta da Allah, ko tausayi ne ya sa ta zaɓi wannan hannun. Ko sadaka ce.

Kaka Moira ta cire tabarau. Ta ce shekara arba'in tana kallon hannuwan yara, tun daga ƙofa ta gane. Sannan ta faɗi abin da na sa Yaya ta maimaita min sau biyu.

"Sadaka ana ba wanda abu ya ƙare masa. Hansel sai wanda bai fara ba. Na ga kowa ɗaya hannun yake kamawa yana wasa da shi. Wannan ba wanda ya taɓa ba shi komai."

Na ce to dariyar fa, da kuɗin ya faɗi?

Sai ta sake yin dariyar. Wai a garinsu ana duban abin da jariri zai yi da kuɗin. In ya damƙe, marowaci za a yi. In ya saki, to mai kyauta ne, abu ba zai zauna masa ba. Ta nuna babban ɗan Yaya ta taga yana buga ƙwallo, ta ce wancan sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Yaya ta ce wallahi har yau ko alewa ba ya bayarwa. Kaka Moira ta ce ni kuwa in shirya, Ummi za ta rabar da kwanukan ɗakina.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Wata biyar ana kallon hannun nan, malamai, likitoci, dangi, kowa abin da ya kasa yake gani. Na roƙe ta ta ba mu wani sisin, na yi alkawarin zan adana. Ta girgiza kai ta rufe gwangwani. Ta ce farko sau ɗaya ne, kuma an riga an yi, azurfa ta taɓa tafin. Inda kuɗin ya tafi bayan nan ba ruwan hansel.

A falonta na cire safar, na saka a jaka. Ummi ta juya kai ta ƙura wa hannun ido kamar ta ga baƙo.

Sauran kwanakin kullum da hantsi nakan shiga wajenta, ba Yaya, ba fassara. Ina motsa hannun yadda aka koya min, ita tana ƙirgawa da harshensu, tana kawo abubuwa a goga a tafin: cokali mai sanyi, ulu, ɓawon lemo, jelar kyanwa in ta yarda. Da muka koma Handsworth yin sallama, Mma Azumi ta ga hannun a waje ta ce, "Yau sanyi ya ƙare ke nan?" Ta kama shi ta sumbata.

Kafin nan, ranar da za mu bar Manchester, na rasa me zan ba Kaka Moira. Kilishi yana wajen kare, turaren wuta kuma na ji tsoron rufin ɗakinta. Sai na tuna dabinon Inna. Na zaɓi mafi kyau, na ce ta tara hannunta. Na ɗora dabinon a tafin Ummi na dama, na tallafo gwiwar hannun, na kai shi saitin nata. Ya ɗan tsaya, sannan ya gangara ya faɗa tafin tsohuwar. Ta dube shi, ta dube ni. Na haɗa ɗan Turancin da na tsinta na ce mata kyautar Ummi ce ta farko. Ta ce ta sani. Ba ta ci ba, ta buɗe gwangwanin nan ta saka shi cikin sisin mahaifiyarta.

Yau watanmu biyu da dawowa. Kafaɗar tana ɗagawa kaɗan, yatsun har yanzu ba su kama ba, likita ya ga bidiyo ya ce a ci gaba, ba a yanke maganar aiki ba tukuna. Ina tsoro, ba zan ɓoye ba, wani lokaci ina cikin tuƙa tuwo sai gabana ya faɗi. Amma safar tana ƙasan akwati. Shekaranjiya matar nan ta ranar suna ta shigo sannu da zuwa, ta miƙa hannu za ta kama hannun Ummi na hagu, na juya mata Ummi na ce ga wanda ake gaisawa da shi. Duk mai zuwa ganinmu ta san da wannan. Kuma in kin zo da ɗan abu a hannu, a dama za ki saka mata. In ta saki kada ki ce Allah sarki, ki tara hannu ki karɓa, ba ki ta yi.